Daga Layin Dogo Zuwa Turbar Keke: Nazari a kan Arzikin Ƙauyukan Otago na Ƙasar Niyu Zilan

1.0 Gabatarwa

Abu ne sananne cewa duk inda jirgin ƙasa ya ratsa aka kafa tasha, to, ba a daɗewa sai gari ya tsiro a gefenta. Wanda ya san tarihin garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Kafancan da Nguru ba ya bukatar dogon bayani a kan haka, domin kuwa bunƙasarsu tana rataye da zuwan reluwe. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan jirgi ya daina zuwa, aka ciccire ƙarafan dogo aka yi gwanjonsu, mene ne makomar garin da jirgin ya haifa? Me kuma za a yi da wannan siririn fili mai tsawon ɗaruruwan kilomita wanda jirgin ya bari?

A ƙasashe da dama an ba da amsa iri ɗaya, watau a gyara tsohon layin ya zama hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa, bisa fatan baƙi za su zo yawon buɗe ido, su kwana, su ci, su sha, su bar kuɗinsu a ƙauyukan da suka ratsa. Masu goyon bayan wannan dabara suna cewa ita ce ta ceto garuruwa da yawa daga mutuwa. Masu suka kuwa cewa suke yi ana kambama ribar ne kawai don a tatsi kuɗin gwamnati. Manufar wannan lacca ita ce a auna maganganun nan guda biyu. Za a yi haka ne ta hanyar ɗaukar misali guda a yi masa duban tsanaki, watau turbar tsakiyar lardin Otago a Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, sa'an nan a kwatanta ta da wasu turbobin na Amurka da Ingila da Ostireliya a inda kwatancin zai yi amfani.

2.0 Abin da Ake Nufi da Turbar Kufan Dogo

Tun da yake abin baƙo ne ga Hausa, ya kamata a fara daidaitawa a kan sunansa. Kufai a Hausa shi ne wurin da aka taɓa zama aka tashi aka bar shi. Turba kuwa hanya ce wadda ƙafa ta saba bi. Saboda haka a cikin wannan lacca za a riƙa kiran irin wannan hanya da suna turbar kufan dogo, ko kuwa turba kawai a taƙaice.

Abin da ya bambanta ta da sauran hanyoyin keke yana cikin yadda aka gina layin tun asali. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, tana kuma gudu ne a kan ƙarfe, don haka jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, ba ya kuma iya shan kwana mai kaifi. Wannan ya tilasta wa injiniyoyin da suka shimfiɗa layukan su fasa duwatsu, su cike kwaruruka, su gina dogayen gadoji, domin hanya ta miƙe ta kwanta. Idan aka cire ƙarafa da katakan da ke ƙarƙashinsu, aka daddaɓe tsakuwa, abin da ya rage shi ne hanya mai sauƙin hawa da gangara, wadda mota ba ta bi, wadda kuma ta ratsa wuraren da titin mota bai kai ba. Dattijo mai shekara saba'in da yaro ɗan shekara goma duk suna iya tuƙa keke a kanta ba tare da fargaba ba. A nan ne farin jinin irin wannan turba ya samo tushe.

3.0 Yadda Al'amarin Ya Faro

Tsawon layukan dogo a Amurka ya kai ƙololuwarsa a shekarar 1916, lokacin da ya kai kimanin mil 254,000. Daga nan sai manyan motocin ɗaukar kaya da ƙananan motocin shiga suka yi ta cinye wa jirgi kasuwa, kamfanoni kuma suka yi ta watsar da layukan da ba sa kawo riba. A shekarar 1963 wata masaniyar tsirrai mai suna May Watts ta rubuta wasiƙa zuwa ga jaridar Chicago Tribune tana ba da shawarar a mai da wani yasasshen layi da ke yammacin birnin Shikago hanyar tafiya a ƙasa, shawarar kuma ta karɓu. A 1967 jihar Wisconsin ta buɗe turbar Elroy zuwa Sparta mai tsawon kimanin mil 32, wadda ta ratsa ta cikin ramuka uku da aka fafe a dutse, kuma ana lissafa ta cikin na farko-farko a ƙasar.

Babbar matsalar da aka ci karo da ita ita ce ta mallakar fili. Da yawa daga cikin layukan an shimfiɗa su ne a filayen mutane bisa izinin wucewa kawai, ta yadda da zarar jirgi ya daina bi, sai filin ya koma hannun masu gonakin da ke maƙwabtaka da shi, hanya ta yayyanke. Don maganin wannan ne Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin shaƙatawa gyara a 1983. Gyaran ya ba da damar a ɗauki layin da aka daina amfani da shi a matsayin ajiya, ana bin sa da ƙafa da keke na wucin gadi, har ranar da za a sake bukatarsa don jirgi. Masu filaye sun kai ƙara, amma a 1990 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, tare da barin ƙofa a buɗe ga wanda ya ga an cuce shi ya nemi diyya daga gwamnatin tarayya. A 1986 kuma aka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy don yaɗa wannan aiki, har ya zamana tun kafin 2020 tsawon irin waɗannan turbobi a Amurka ya haura mil 20,000.

A Birtaniya kuwa, rahoton Dokta Richard Beeching na 1963 ne ya ba da shawarar a rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi fiye da 2,000. Tsakanin 1979 da 1986 wasu 'yan sa kai suka mai da tsohon layin da ke tsakanin Bristol da Bath hanyar keke. Sifen ma ta fara nata shirin a 1993. Faɗuwar wani tashin wani, in ji masu iya magana: karayar arzikin reluwe ita ce ta samar wa mahaya keke hanyoyin da babu gwamnatin da za ta iya gina musu daga tushe.

4.0 Tarihin Layin Otago

Tsakiyar Otago ƙasa ce ta tuddai da faffaɗan fako, ita ce kuma mafi ƙarancin ruwan sama a duk Niyu Zilan, don ruwan da ke sauka a garin Alexandra bai cika kai milimita 400 a shekara ba. Zafinta mai tsanani ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyinta kuma ya fi zafin tsanani daga Yuni zuwa Agusta. A garin Ranfurly na wannan yanki ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin ƙasar, a shekarar 1903. Zinariya ce ta jawo ɗimbin Turawa zuwa yankin tun daga 1861 da 1862, daga baya kuma 'yan ƙasar Sin, da zinariya ta ja baya kuma sai kiwon tumaki da noman 'ya'yan itatuwa suka maye gurbinta.

An fara shimfiɗa layin dogo daga kusa da birnin Dunedin a 1879. Saboda wuyar ƙasar da ƙarancin kuɗi, bai kai Middlemarch ba sai 1891, ya kai Ranfurly a 1898, Clyde a 1907, sa'an nan Cromwell a 1921, watau shekara 42 cur ana aiki. Garin Ranfurly kansa jirgi ne ya kafa shi. Shekaru da yawa layin shi ne jijiyar yankin: shi ke fitar da ulu da tumaki da 'ya'yan itatuwa, shi ke kawo taki da gawayi da wasiƙu da fasinja.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka karya yankin a shekarun 1980. Na farko, daga 1983 gwamnati ta fara janye dokar da ta hana manyan motoci ɗaukar kaya fiye da nisan kilomita 150 a inda akwai layin dogo, dokar da ita ce garkuwar reluwe. Na biyu, daga 1984 aka soke tallafin da ake bai wa manoma, kuɗi ya yi ƙaranci a karkara, matasa suka yi ta ƙaura zuwa birane. Na uku, a 1988 aka rufe gidajen waya fiye da 400 a faɗin ƙasar, galibinsu a ƙananan garuruwa. Abin da ya riƙe layin Otago a waɗannan shekaru shi ne jigilar siminti da ƙarfe zuwa wurin ginin babbar madatsar ruwa ta Clyde. Da wannan jigila ta ƙare, sai aka rufe layin a ƙarshen watan Afrilu na 1990. Majalisar birnin Dunedin ta sayi sashen da ya tashi daga wajen birnin zuwa Middlemarch domin jirgin 'yan yawon buɗe ido, sauran kuwa aka ciccire ƙarafansa.

A 1993 Ma'aikatar Kula da Muhalli da Namun Daji ta ƙasar ta sayi filin layin daga Middlemarch zuwa Clyde, a shekara mai bi kuma aka kafa wani kwamitin amintattu don tara kuɗi da taya ma'aikatar aiki. An sake wa gadoji fiye da sittin daɓe, aka yi musu dogarai, aka gyara tsakuwar hanya. A watan Fabrairu na 2000 aka buɗe turbar baki ɗayanta, mai tsawon kimanin kilomita 150. Ya kamata a lura cewa manoma da yawa ba su yi maraba da shirin ba a farkonsa. Wasu sun so a raba musu filin ya shiga gonakinsu, wasu suna tsoron baƙi za su riƙa barin ƙofofin shinge a buɗe tumaki su ɓace, ko su tayar da gobara a busasshiyar ciyawa, wasu kuwa gani suke yi babu mai hankalin da zai biya kuɗi ya zo ya tuƙa keke a wannan fako.

5.0 Shin Baƙi Sun Zo?

Amsar wannan tambaya ta farko ba ta da wuya: sun zo. Cikin shekara goma da buɗe turbar, masu bin ta daga farko har ƙarshe sun haura mutum 10,000 a shekara, ban da dubban da ke bin ɗan sashe na yini guda. Binciken da Majalisar Gundumar Tsakiyar Otago ta riƙa yi lokaci-lokaci ya nuna cewa mafi yawan masu zuwa 'yan ƙasar ne daga manyan birane, sai kuma 'yan Ostireliya, kuma galibinsu manya ne waɗanda suka manyanta, ba samari 'yan tseren keke ba. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai ga lissafin arziki, domin dattijon da ya yi ritaya ba ya son kwana a tanti ko cin busasshen burodi. Yana son gado mai laushi da ruwan zafi da abinci mai kyau, yana kuwa da abin biya. Shigowar keke mai batir a shekarun baya-bayan nan ta ƙara yawan irin waɗannan mahaya.

Dalilan da suka sa turbar ta karɓu suna da yawa. Hawanta bai wuce mita ɗaya cikin kowace mita hamsin ba, ko da a inda ya fi tsauri, duk da cewa tana hawa har mita 618 sama da teku a kusa da Wedderburn. Tana ratsa kwazazzabon Poolburn ta cikin ramuka biyu masu duhu da wata gada mai tsayin mita 37. Akwai abubuwan tarihi birjik a gefenta, kamar tsofaffin garuruwan zinariya na Ophir da Naseby, da tsohuwar maƙerar Hayes a Oturehua, da wurin da jirgin fasinja ya yi hatsari kusa da Hyde a 1943 mutum 21 suka rasu.

Amma dalilin da ya fi kowanne nauyi shi ne tazarar da ke tsakanin garuruwan. Jirgi mai aiki da tururi yana bukatar ruwa a kai a kai, manoma kuma suna bukatar tasha kusa da su, don haka aka jera tashoshi ba da nisa sosai ba. Mai keken da ke cin kilomita talatin zuwa hamsin a yini zai tarar da wurin cin abincin rana da wurin kwana ba tare da wahala ba. Tsarin ya yi kama da na zangon fatake a zamanin da, inda tafiyar yini guda ta jaki ko raƙumi ita ke yanke inda za a sauka, mai masauki da mai tuwo da mai sayar da harawa kuma su ci arzikin ayari. Mota tana wuce ƙauye cikin minti ɗaya ba ta bar kome ba sai ƙura. Mai keke kuwa, saboda rashin saurinsa, dole ya yi kwana uku zuwa biyar a cikin yankin.

6.0 Yadda Kuɗi Ke Shiga da Yadda Yake Fita

Tambaya ta biyu ta fi ta farko wuya, domin yawan mutane a kan hanya daban, yawan kuɗi a aljihun 'yan gari daban. Ba a biyan ko kwabo don hawa turbar Otago. Saboda haka duk ribar da za a samu sai ta biyo ta hannun masu sana'a.

A ƙaddara mutum biyu. Na farko mazaunin Alexandra ne, ya fito da kekensa da yamma ya yi kilomita goma ya koma gida, ruwan shansa ma daga gida ya ɗebo. Na'urar ƙidaya da ke kan turba za ta lissafa shi, amma bai ƙara wa gundumar ko sisi ba. Ko da ya tsaya ya sha shayi a hanya, kuɗin da ma a cikin gundumar yake. Na biyu ya taso daga Auckland, ya yi hayar keke a Clyde, ya biya motar da za ta riƙa kai masa jakarsa daga masauki zuwa masauki, ya kwana huɗu, ya ci abinci sau goma sha biyu, daga ƙarshe ya biya motar da za ta mai da shi filin jirgin sama. Wannan na biyun shi ne ya kawo sabon kuɗi. Duk lissafin da ya haɗa mutanen nan biyu a ma'auni ɗaya, to, lissafin banza ne.

Sabon kuɗin nan kuma ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Mai masauki zai biya matar da ke wanke zannuwan gado, ya sayi nama wurin mahauci, ya kira kafinta ya ƙara masa ɗaki. Su kuma waɗannan za su kashe wani abu daga ciki a kantin garin. Wannan zagayawa ita ce masana tattalin arziki ke lissafawa idan suna cewa kowace dala ta haifi wani abu a bayanta. Sai dai a kowane zagaye akwai yoyo: man fetur daga waje ake kawo shi, kekunan haya daga waje ake sayo su, haka kayan gwangwani da ruwan bashin banki. Gwargwadon ƙanƙantar gari, gwargwadon girman yoyonsa, domin abin da yake samarwa da kansa kaɗan ne. Idan kuwa kamfanin da ke shirya tafiyar a wani birni yake, to, kaso mai tsoka na kuɗin ba zai ma taɓa sauka a ƙauyen ba.

Binciken da Majalisar Gundumar ta yi a 2011 ya kiyasta cewa cinikin da turbar ke jawowa, kai tsaye da kuma ta hanyar zagayawa, ya ɗan haura dala miliyan 12 ta Niyu Zilan a shekara, cewa kuma yana ɗauke da abin da ya yi daidai da cikakken aikin mutum 120. Amma binciken nan dai ya nuna cewa idan aka cire kuɗin kayan da aka sayo don yin cinikin, abin da ya rage a matsayin ƙarin arziki na haƙiƙa kusan rabin wannan adadi ne. Masu talla sun fi son ambaton adadi na farko, mai nazari kuwa na biyun ya kamata ya riƙe.

Dala miliyan shida ba wani abin a zo a gani ba ne a ma'aunin ƙasa baki ɗaya, ko kusa ba ta kai abin da ulu da nama da inabi ke kawo wa lardin ba. To amma a ma'aunin ƙauye lamarin ya sha bamban. Ranfurly, wanda shi ne babban gari a tsakiyar turbar, mutanensa ba su kai 1,000 ba, wurare irin su Lauder da Oturehua da Wedderburn da Waipiata kuwa 'yan gidaje ne kawai. A irin wannan wuri aikin mutum biyar shi ne bambancin da ke tsakanin kanti a buɗe da kanti a rufe. Tsofaffin otal-otal na gefen tasha da suka kusa durƙushewa sun farfaɗo, an mai da tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata masaukai, iyalan manoma kuma, har da wasu daga cikin waɗanda suka yi adawa da farko, sun sami hanyar shigar kuɗi ta biyu wadda ba ta dogara da farashin ulu ba. Kantin da baƙo ya hana rufewa kuwa, ɗan gari ma a nan yake sayayya. Ganin haka ne ya sa a 2009 gwamnatin Firayim Minista John Key ta ware dala miliyan 50 don gina irin waɗannan hanyoyin keke a sassan ƙasar, tana kafa hujja da Otago.

7.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da wannan nasara, akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a sa a ɗaya gefen sikeli.

Na farko shi ne ciniki na lokaci ne. Baƙin Otago suna zuwa ne daga Oktoba zuwa Afrilu, suna kuma fin yawa a Maris da Afrilu. Idan hunturu ya shigo sai turba ta yi tsit, masaukai da yawa su rufe. Ayyukan da aka samar galibinsu na ɗan lokaci ne masu ƙaramin albashi, ba irin aikin reluwe na da ba, wanda mutum ke shiga yana saurayi ya fita da fansho.

Na biyu shi ne ribar wani yanki tana iya zama hasarar wani. Mutumin Auckland da ya kashe kuɗin hutunsa a Otago, da ma zai kashe su ne a wani sashe na ƙasar. Gunduma ta ƙaru, amma ƙasa ba ta ƙaru ba sai da kuɗin baƙon da ya tsallako teku, ko na ɗan ƙasar da ya fasa fita waje. Haka kuma idan turbobi suka yi yawa, sai su shiga raba mahaya ɗaya a tsakaninsu.

Na uku shi ne hatsarin dogaro da abu guda. Garin Damascus na jihar Virginia a Amurka, mai mutane ƙasa da 1,000, ya gina kasuwancinsa a kan turbar Virginia Creeper mai tsawon mil 34. Sana'ar garin ita ce a ɗauki baƙi da kekunansu a mota a kai su kan tudun Whitetop, su gangaro mil 17 zuwa gari. A watan Satumba na 2024 ambaliyar guguwar Helene ta share gadoji da dama na wannan sashe, aka rufe shi, ciniki ya yanke wa masu hayar keke da masu masaukai dare ɗaya. Gadojin da aka gada daga reluwe tsofaffi ne, gyaransu kuma yana cin kuɗin da ƙaramin gari ba ya da shi. Tun da ba a karɓar kuɗin shiga, nauyin yana komawa kan baitulmali, alhali ribar tana shiga aljihun 'yan kasuwa.

Na huɗu shi ne abin da aka sadaukar. A arewacin jihar New South Wales ta Ostireliya an dakatar da jirgi a layin Casino zuwa Murwillumbah a 2004, kuma kafin a buɗe sashen farko na turbar keke mai kilomita 24 a watan Maris na 2023, an yi shekaru ana jayayya. Masu adawa suna cewa abin da tsofaffi da ɗalibai da marasa mota ke bukata shi ne jirgi, kuma da zarar an cire ƙarafa da wuya a mai da su. Masu goyon baya suna amsawa da cewa turba ita ce ke hana a yayyanka filin a sayar, don haka ita ce mai tsaron layin. Kowanne ɓangare yana da tasa gaskiyar, abin da zai raba gardamar kuwa shi ne ko akwai fasinja da kayan da za su iya riƙe jirgi a wannan wuri.

Daɗin daɗawa, akwai turbar da amfaninta ba ya cikin yawon buɗe ido ko kaɗan. Hanyar Bristol zuwa Bath ta fi ta Otago cunkoso nesa ba kusa ba, amma mafi yawan masu bin ta 'yan gari ne masu zuwa aiki da makaranta da motsa jiki. Ribarta tana cikin lafiyar jiki da raguwar hatsari da cunkoson motoci. Riba ce ta gaske, sai dai kuskure ne a auna ta da kuɗin kwanan otal, kamar yadda kuskure ne a yi wa mutanen ƙauye alkawarin baƙi masu kwana bisa hujjar irin wannan cunkoso.

8.0 Sharuɗɗan Cin Nasara

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo sharuɗɗan da ke sa turba ta zama hanyar arziki. Dole ta yi tsawon da zai sa baƙo ya kwana, domin kwana shi ne ke kawo kuɗi. Dole a sami garuruwa jere a kanta masu wurin ci da sha da kwana. Dole ta ratsa ƙasa mai ban sha'awa ko mai tarihi, ta kuma kasance kusa da inda baƙi ke sauka, kamar yadda Otago ke tsakanin filayen jiragen sama na Dunedin da Queenstown. Dole a sami jama'a masu hali da lokacin hutu waɗanda ke ɗaukar tuƙa keke a matsayin shaƙatawa. Dole a sami zaman lafiya, ta yadda mace da yaro za su bi daji ba tare da tsoro ba. Dole kuma a san tun da wuri wanda zai ɗauki nauyin gyara, don ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshe, sai 'yan gari da kansu sun mallaki masaukai da motocin jigila da shagunan haya, in ba haka ba su ga wucewar baƙi, wasu su ga kuɗin.

9.0 Kammalawa

An ga cewa turbar kufan dogo tana jawo baƙi, kuma a inda sharuɗɗa suka cika tana kawo wa ƙananan garuruwa kuɗin da, ko da yake bai taka kara ya karya ba a lissafin ƙasa, ya isa ya hana su mutuwa. An kuma ga cewa wannan kuɗi na lokaci ne, yana yoyo, yana kuma tafe da nauyin gyaran da wani ne zai biya. Turbar Otago ba ta mai da wa yankin yawan ayyukan da reluwe da tallafin noma suka tafi da su ba, amma ta bar fitila a kunne a ƙauyukan da ake zaton sun gama yawo.

Arewacin Nijeriya ma tana da nata kufan dogo. Ƙaramin layin da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru tsakanin 1912 da 1914 don jigilar kuza an rufe shi tun 1957. Duk wanda misalin Otago ya burge har ya yi tunanin irin wannan wuri, sai ya fara bin sharuɗɗan da aka jera ɗaya bayan ɗaya, musamman na tsaro da na mallakar fili, ya kuma tuna cewa keke a ƙasar Hausa abin hawa ne na zuwa gona da kasuwa da makaranta tun kafin ya zama abin shaƙatawa. Mai yiwuwa darasin Bristol ya fi dacewa da irin wannan wuri a kan na Otago, watau a fara tambayar amfanin da ɗan gari zai samu kullum safiya, kafin a shiga lissafin baƙon da bai zo ba tukuna.